Wace Ƙofa Za Mu Buga? Ikon Mahalliya da Haƙƙin Makiyayi a Gadarif

Jawabin sakataren ƙungiya a taron shugabannin ruga, kafin tashin damina zuwa Butana



Za mu fara da abin da ya sami wani ɗan'uwanmu bara da kaka. Yana gangarowa daga Butana zai nufi kogin Rahad, sai ya tarar an nome burtali an shuka riɗi. Ba hanya gaba, ba hanya baya. Shanu suka taɓa gonar, aka kora arba'in daga ciki aka kulle a zariba. Ya tafi ofishin mahalliya, aka ce maganar fili ba tasu ba ce. Ya tafi ma'aikatar gona, aka ce maganar ɓarna ta 'yan sanda ce. Kwana tara yana yawo, kuɗin zariba yana hawa. A ƙarshe sai da ya sayar da bijimai biyu. Shi kuwa wanda ya nome burtalin, ko tambayarsa ba a yi ba. Ɗan'uwanmu yana da gaskiya, amma bai san ƙofar da zai buga ba. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani.

Da farko mu tuna yadda aka zo nan. A zamanin Ingilishi, nazir da umda da shaihi su ke riƙe da maganar kiwo a wannan ƙasa. Nazir na Shukuriya ko na Dabaina ya san wanda ya sauka a ƙasarsa, da ranar da zai tashi, da tafkin da zai shayar. A 1944 aka fara noman inji a Gadambaliya, a 1968 kuma aka kafa hukumar noman inji, aka shiga yanka daji ana ba mutum ɗaya fiddan dubu. Sai dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Wane makiyayi ne ya taɓa yi wa makiyayarsa rajista? A 1971 gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya, ta kawo majalisu da jami'an mulki. Daga baya an dawo da nazir da umda, amma ikon raba ƙasa bai dawo hannunsu kamar da ba. Iyayenmu da suka ga wannan da idonsu suna zaune a nan, za su shaida.

A 1994 Gadarif ta zama jiha mai walinta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2003 ta kafa tsarin mahalliya, wadda mu'utamad yake shugabanta, kuma naɗa shi ake yi, ba zaɓe ba. Tsarin mulki na 2005 ya bar wa kowace jiha ta tsara dokar ƙananan hukumominta. Bayan faɗuwar gwamnatin Bashir a 2019 aka sauke mu'utamad-mu'utamad, ragamar mahalliya ta koma hannun jami'in mulki da ake kira mudir tanfizi. Sunaye suna canzawa, amma ƙofofin da suka shafe mu huɗu ne.

Ƙofa ta farko ita ce mahalliya. Ita ce hukumar da ta fi kusa da mu, ko a Fashaga muke, ko Galabat, ko Rahad, ko Butana. Aikinta ne kula da kasuwanni har da kasuwar dabbobi, da mahauta, da makarantun firamare, da ƙananan asibitoci, da zaribar da ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna. Tana fitar da umarnin gida a rubuce, tana kuma karɓar jangali da kuɗin kasuwa. To a nan muke so ku saurara da kyau. Jami'i ba shi da ikon ya ƙirƙiro haraji daga bakinsa. Kowane kuɗi sai yana cikin umarni ko doka, kuma sai ya ba ka rasit na gwamnati, wato Ornik 15. Wanda ya karɓi kuɗinka bai ba ka wannan takarda ba, aljihunsa ka zuba wa. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da take ƙirga shanunmu ranar jangali, haƙƙi ne a kanta ta ƙirga mu ranar gyaran hafir da ranar gina makaranta.

Ƙofa ta biyu ita ce jiha. Mahalliya ba ta raba manyan gonakin inji. Wannan aikin ma'aikatar gona ta jiha ne, kuma a ƙarƙashin jiha ne masu kula da makiyaya da burtali suke, da likitocin dabbobi masu allurar rigakafi. Su ke da taswirar burtali da faɗinsa, da kuma iyakar nan ta arewa wadda aka ce noman inji kada ya tsallake ta ya shiga Butana. Don haka idan an nome burtali, mu kai ƙara a rubuce ga ofishin makiyaya, mu ba mudir tanfizi kwafe, domin zaman lafiyar yankinsa a wuyansa yake. Akwai dokar makiyaya ta ƙasa ta 2015 da za mu jingina da ita. Akwai kuma dokar gandun daji, wadda ta wajabta wa mai gonar inji ta damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa. Ku duba gonakin da kuke ratsawa ku gaya mana nawa ne suka cika wannan sharaɗi.

Ƙofa ta uku ita ce umda da nazir. Su ne masu sulhu, kuma sulhu ya fi shari'a sauƙi da arha. Idan shanu sun yi ɓarna, kada a yarda mai gona shi kaɗai ya yanke diyya. A nemi a kafa kwamiti ya je ya ga gonar tun sawun shanu bai ɓace ba, da wakilin manoma da wakilinmu da malamin gona. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Ƙofa ta huɗu ita ce 'yan sanda da kotu. Sata, duka, sarar dabba da zubar da jini, nasu ne. Ba mahalliya ce take yanke hukunci a kansu ba, mu ma ba mu da ikon ɗaukar doka a hannunmu.

'Yan'uwa, mu ma da namu laifin. Wasunmu suna gudun jangali, suna ɓoye rabin garke. Ranar da za a yi rabon ruwa da allura, sai littafi ya nuna dabbobinmu kaɗan ne. Wasu suna barin yara ƙanana da shanu da dare kusa da dawa. Wanda ya shiga gona da gangan ya ɓata mana suna gaba ɗaya, ya kuma ba mai nome burtali hujja.

Lokaci ya ƙara tsanani. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, makiyayar rani ta ragu wa makiyayan ƙasar nan da yawa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya koro jama'a da dabbobi daga Jazira da Sinnar zuwa jiharmu. Fili bai ƙaru ba, baki ya ƙaru. A irin wannan hali, wanda ba shi da takarda shi ake fara turewa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo kafin a tashi. Kowace ruga ta ware mutum ɗaya mai karatu, ya riƙe rasit na jangali da katin allura a jaka ɗaya. A tura mutum biyu su duba burtali mako guda kafin garke ya motsa. In sun ga garma ta taɓa shi, a sanar da mu a ranar, tun shuka ba ta fito ba, domin hana shuka ya fi cire ta sauƙi. Mu kuma mun ɗauki alkawarin rubuta ƙara, mu kai da ƙafarmu, mu karɓo kwafe mai hatimi da kwanan wata. Za mu kuma nemi a sa wakilinmu a duk kwamitin ɓarna da na burtali da za a kafa a kowace mahalliya.

Ɗan'uwan nan da ya rasa bijimai biyu yana tare da mu yau, kuma shi ne ya fara ba da sunan ɗansa don riƙe takardun rugarsu. Sauran ardo-ardo sai su ba magatakarda nasu sunayen kafin a watse.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu Butana lafiya, ya dawo da mu lafiya.