Ƙarfe da rini: jawabin da aka yi a taron ƙungiya, Kanan Bakashe

  

Kun ga kofi biyu gabana. Duka ruwan bagaruwa ne, irin wanda majema ke jeme fatar jar akuya da shi. Na dama yana nan kamar shayi marar ƙarfi. Na hagu na jefa masa ƙusoshi masu tsatsa tun shekaranjiya, ga shi ya koma baƙi ƙirin. Ban zuba masa rini ko ƙyas ba.

Dukawanmu da na Tasawa ba za su yi mamaki ba, don sirrin kuloko ke nan. Suna jiƙa kashin maƙera da ruwa da zuma ko sukari, su bar shi ya yi tsami. Da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa, nan take baƙi ya fito.

Dalilin, da Faransanci aka koya mana shi, yau ina son in faɗe shi da Hausa. Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a cakuɗe, waɗanda bakan gizo ke rarrabewa. Kowane rini yana haɗiye wasu, ya mayar wa ido sauran, su ne muke kira launinsa. Ruwan bagaruwa kaɗan yake haɗiyewa. To, ƙarfe in ya narke cikin ruwa yakan zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, ana ce musu iyon. Sinadarin bagaruwa sai ya kama su gam, kamar awartaki. Da sun haɗu, kusan duk hasken suke haɗiyewa, ido ya ga baƙi. Wani masani a ƙasar Suwis, Alfred Werner, shi ya bayyana irin wannan riƙo a 1893, aka ba shi kyautar Nobel a 1913.

Haka ganyen geronmu. Cikin korensa akwai wani ƙarfe, manyeziyom, wanda in babu shi ganye ba ya iya kama rana ya ciyar da zangarniya. In aka dafa ganye da tsami, ƙarfen ya fita, launin ya ɓaci. Iyayenmu mata da ke jefa kanwa cikin miya don ta zauna kore shar, sun riga mu gane aikin.

Ƙarfe kuma yana taimakon rini ya jure wa rana, kada ya koɗe da wuri. Saboda haka kamfanoni ke haɗa rininsu da tagulla ko kurom, da kurom ɗin kuma suke jima.

Nan ne maganar ta shafe ku, masu aiki a kamfanonin fata na Kano, Sharaɗa da Chalawa da Bompai. Kurom ba tsatsar ƙusa ba ne. Yana kawo ƙaiƙayi da miki a hannu, ga shi ba ya ruɓewa cikin ƙasa. Ku nemi safar hannu da dogon takalmin roba tun ranar farko. Jarkoki da gangunan da aka juye maganin, don Allah kada ku kawo wa gida tsarabarsu a zuba ruwan sha, ko an wanke su sau goma.

Kofunan suna nan, mai so ya matso ya duba, sai dai kada yara su kurɓa.