Allurar Ƙwanji da 'Ya'yanmu: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, an ce in yi magana a kan sana'ata ta harhaɗa magunguna. To, ga abin da ke damuna.

A zamaninmu, a gona ake samun ƙwanji, ko a filin wasa bayan la'asar, malam na biye da mu da usur. Yau ku bi ta Ƙofar Doka ko Babban Dodo da yamma, za ku ga samari ƙirji ya cika riga. Galibinsu gumin ɗaga ƙarfe ne, madalla. Amma kwanan baya wani yaro, sa'an ɗana, ya shigo shagona da fankon kwalbar allura, wai in ba shi irinta. Na duba: sinadarin namiji ne na kanti, wanda likitoci ke kira sitiroyid. Abokinsa ne ke yi masa.

Da yawanmu mun tuna Ben Johnson na Kanada, wanda aka ƙwace wa zinaren tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1988 saboda irin wannan magani. Lokacin mun ɗauka cutar 'yan tsere ce. Ashe ba haka ba. Wani nazari na 2014, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa maza 6 cikin 100 sun taɓa amfani da shi, mata kuwa kusan 2. Yawancinsu ba gasa suke nema ba, kyan jiki kawai.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan jiki ya ga sinadarin na shigowa daga waje, sai ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayar haihuwa ta ragu, wani har nono ya fito masa. Hanta da zuciya su wahala. Yaron da bai gama girma ba kuwa, tsawonsa na iya tsayawa. Ya gina jiki don ya burge budurwa, a yi aure, a shekara uku shiru, dangi su ɗora wa yarinya laifi.

Yaron nan na zaunar da shi na faɗa masa haka. Da na ambaci haihuwa, sai ya sunkuyar da kai, ya bar kwalbar a kan tebur. Ga ta nan na zo da ita, Shugaba, a zagaya da ita kowa ya gane ta.