Dusar Yuraniyom ta Akokan da Sharaɗin Lasisi

Lokacin da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akokan, kusa da Arlit, a watan Maris na 2021, ya bar tulin dusar yuraniyom kusan tan miliyan 20 a filin Allah. Shirin shi ne a lulluɓe ta da laka da duwatsu, kaurin mita 2. To amma sinadarin radiyom da ke cikinta sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, yana ta fitar da iskar radon mai jawo cutar daji ta huhu. Wane kamfani ne zai kai wannan lokaci? Shi ya sa ya kamata doka ta tilasta wa mai neman lasisin haƙa ya ajiye cikakken kuɗin kula da sharar tun kafin ya sari ƙasa, a asusun da hannunsa ba ya kaiwa.

Za a ce hakan zai kori masu zuba jari. Ai kuɗin nan sai an biya shi; idan kamfani bai biya ba, baitulmali da mutanen Arlit ne za su ɗauka. Wasu kuma na ganin tunda gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin haƙar yuraniyom na Somair a 2025, magana ta ƙare. Ina! Yanzu ne mai haƙa da mai sa ido suka zama 'yan gida ɗaya, don haka hukumar ARSN mai sa ido kan harkokin nukiliya na bukatar ikon dakatar da aiki ko da na gwamnati ne.