Idon ƙauye, binciken wa?

Yau ba zancen tsadar rayuwa zan yi ba, zancen ido ne, kuma ina roƙon waɗanda iyayensu suka fito daga karkarar Agye, Gazawa da Gidan Rumji su saurara da kyau, don maganar gidansu ce.

Kun san amodari. Ciwon ido ne da wata ƙwayar cuta mai suna kilamidiya ke kawowa. Tana bin hannu, tana bin zane, tana bin ƙudan da ke sauka a fuskar yaro mai kwantsa. Ƙudan nan a kashin mutum da aka bari a fili yake hayayyafa. Yaro ya kamu, ya warke, ya sake kamuwa, har cikin fatar idon ya yi tabo. Bayan shekaru tabon sai ya ja fatar ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa, a ƙarshe hakiya ta rufe shi. Mata sun fi shan wahalarsa, don su ke ɗauke da yara. Tsohuwar da kuke gani da ɗan matsefi tana cire gashin ido, to, shi ne wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki alƙawarin kawar da shi a 1998. An sa 2020, ba a kai ba, aka mai da shi 2030. Dabarar abu huɗu ce, a Faransanci ana ce mata CHANCE: tiyata, maganin kashe ƙwayar cutar, wanke fuska, da gyaran muhalli, wato ruwa da masai. Gana ta gama a 2018, Mali da Benin a 2023. Maƙwabtanmu ne fa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wani babban kaso na ilimin da duniya ke aiki da shi a kan maganin nan, azitromisin, daga ƙauyukan Nijar aka samo shi. A Matamaye ta jihar Damagaram an yi gwajin da ake kira PRET a ƙauyuka 48. Ɗaya daga cikin tambayoyin shi ne: a ba kowa magani sau ɗaya a shekara, ko a ba yara kawai sau biyu? Sakamakon ya nuna ba wa yara kaɗai bai gaza ba. A jihar Doso kuma aka yi MORDOR, tare da Malawi da Tanzaniya. Aka buga sakamakon a 2018: ba ƙananan yara maganin sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kashi 13.5 cikin ɗari a ƙasashen uku, a Nijar kuwa da kusan kashi 18. Maganin da aka fara rabawa don ido, sai ga shi yana ceton rai.

Amma ba a nan labarin ya tsaya ba. Binciken dai ya gano cewa inda ake yawan raba maganin, wasu ƙwayoyin cuta na hanci da hanji sun fara jure masa. Azitromisin kuwa ba na ido kaɗai ba ne, ana buƙatarsa ga wasu cututtukan. In ya daina ci, mu ne za mu fara ji a jika.

Shi ya kawo mu Maraɗi. A nan jiharmu aka tsara gwajin ARRET, tsakanin shirin ƙasa na lafiyar ido da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka buga tsarinsa a 2021. Ku da kuka yi lakkol kun ji ma'anar sunan: tsayawa. Ƙa'idar duniya ta ce a ci gaba da rabon magani duk shekara har sai alamar ciwon ta sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a yara ƴan shekara 1 zuwa 9. Masu binciken suka ce, to inda ciwon ya riga ya yi ƙasa da kashi 20, in an tsaya tun yanzu fa? Sai a yi ƙuri'a tsakanin ƙauyuka, wasu a ci gaba da ba su, wasu a daina, a bi su shekara uku.

Ni dai a ganina tambaya ce mai kyau, kuma ƙuri'ar ba zalunci ba ce, ita ce hanyar gane gaskiya ba tare da son rai ba. Sai dai ku lura da wanda ya ɗauki kasadar. In tsayawa kuskure ne, idon ɗan manomi ne zai nuna. Don haka uwar da ta riƙe ɗanta aka juya masa fatar ido aka goga auduga tana da haƙƙi biyu: a yi mata bayani da Hausa kafin ta yarda, yadda za ta iya cewa a'a ba tare da tsoron maigari ba, sannan in an gama a dawo dandali a gaya mata abin da aka gani. Takardar Turanci a wata mujalla ta Amurka ba ta biya wannan bashin ba.

Na san wani zai ce, ai gara kar a yarda da su sam, ba mu manta Kano ba. Gaskiya ne, a 1996 lokacin annobar sanƙarau Pfizer ya gwada Trovan a kan yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Kuma kamfanin nan ne yake ba da Zithromax kyauta don amodari. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya ɓaci a Kano shi ne zancen yardar iyaye da sa ido, kuma maganinsa ƙarin sa ido ne. In mun kori bincike gaba ɗaya, za a ci gaba da yi mana magani da ƙa'idar da aka gwada a wata ƙasa.

Sai tiyata, wadda ake mantawa da ita. In gashin ido ya riga ya juya, ko buhun magani aka sha ba zai miƙe ba, sai aiki. Ɗan aiki ne a fatar ido, da allurar kashe zafi, ma'aikacin jinya da aka horar yana yin sa, mutum ya koma gida ranar. Matsalarsa, wani lokaci gashin yana sake juyawa. A Habasha an gwada salon aiki biyu a kan mutum 1,000, aka buga a 2016: bayan shekara ɗaya ya dawo wa kashi 13 cikin ɗari a salo ɗaya, kashi 22 a ɗayan. Wani gwajin a can ya nuna shan azitromisin sau ɗaya bayan aikin yana rage dawowar. Kenan wanda aka yi wa aiki sai an sake duba shi, ba a rubuta sunansa a rahoto a wuce ba.

Ga abin da nake roƙo. In kun je gida hutu ko salla, ku duba idon kaka da gwaggo. In kun ga matsefi, ku kai su likita mafi kusa, ku tambayi ranar da mai aikin ido ke zuwa, ku kuma tambayi ranar dawowa dubawa. Waɗanda suka karanta aikin lafiya a cikinmu, ina so mu zauna bayan taron nan mu fassara sakamakon PRET da MORDOR zuwa Hausa, minti biyar-biyar, mu tura wa gidajen rediyon karkara da zaurukan WhatsApp. Masu son shiga su ba da suna kafin mu watse.