Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi

  

Maganarmu ta yau a kan yara ce masu karatu, na allo da na lakwal baki ɗaya, kuma da gangan na ajiye ta sai cikin azumi. A sauran watanni, in aka ce wa babba yunwa tana hana karatu, sai ya ji abin kamar labari. Yanzu kuwa kowa shaida ne a kan kansa. Ka ɗauki Alƙur'ani bayan sallar asuba ka karanta izu guda, sa'an nan ka sake ɗaukarsa tsakanin azahar da la'asar, rana ta take, maƙoshi ya bushe. Littafin shi ne, idon naka ne, amma sai ka kai ƙarshen shafi ba ka san abin da ka wuce ba, ka koma baya. Kai ke nan, magidanci wanda ya yi sahur ya ƙoshi, ya kuma tabbata in an kira magariba akwai kunu yana jiransa. To, ina ga ɗan shekara takwas wanda yunwarsa ba ta da niyya, ba ta da magariba?

Muna da kalma guda mai sauƙin fita daga baki: daƙiƙi. Yaro ya yi kwana uku bai wanke allo ba, daƙiƙi. Yarinya ta faɗi jarrabawa, daƙiƙiya. Kalmar nan hukunci ce, jama'a, kuma shari'armu ba ta yarda a yanke hukunci kafin bincike ba. Ku dubi yadda ta yi da manya. Ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya hana alƙali yanke shari'a tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, kuma malaman fiƙihu suka haɗa da fushin duk abin da ke ɗauke hankali: matsananciyar yunwa, ƙishirwa, gyangyaɗi, baƙin ciki. Ya yi umarni in an ajiye abincin dare aka tayar da salla, a fara da abinci. Ya ce mai gyangyaɗi cikin salla ya je ya kwanta har barci ya sake shi, don kada ya tashi neman gafara ya koma zagin kansa bai sani ba. In shari'a ta yi wa alƙali uzuri, ta yi wa mai salla uzuri, da wane dalili za mu hana shi ga yaro?

Ko Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya yi tafiyar neman ilimi da aka ba mu labarinta a Suratul Kahfi, ya kai inda ya nemi yaronsa ya kawo musu abinci, ya kuma faɗa da bakinsa cewa tafiyar ta gajiyar da su. Annabi ne, mai magana da Allah, amma jiki jiki ne. Sa'an nan ku tuna da Li'ilafi, wadda ƴaƴanmu ke rubutawa tun allonsu bai yi nauyi ba. Da Allah ya kira Ƙuraishawa zuwa bautarsa, ni'ima biyu ya tuna musu: ya ƙosar da su daga yunwa, ya amintar da su daga tsoro. Waɗannan biyun su ne manyan ɓarayin karatu.

Mu fara da cikin. Uba zai ɗauki yaronsa bayan an gama ɗaurin hatsi, ya danƙa wa malami, a tafi da shi Maraɗi ko Damagaram, ko a tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Kano, ba damin hatsi, ba ko jika guda ta guzuri, ya ce ya ba da shi ga Allah. Malami yana da yara arba'in, shi kansa da ƙyar yake ciyar da gidansa. Yaro ya tashi da asuba cikinsa wayam, ya zauna da allo, bakinsa yana motsi, zuciyarsa kuwa tana lissafin ƙofar gidan da zai fara zuwa da ƙoƙonsa. In ya samu ƙanzo, to. In bai samu ba, ya dawo ya zauna karatun yamma a haka. Shekara ta zagayo uban ya tambaya, a ce har yanzu bai wuce Sabbi ba, sai ya ce yaron nan ba shi da kai. Ciyar da ɗa ƙarami wajibi ne a kan ubansa, kuma kai shi makaranta bai sauke wannan wajibin ba.

Wani zai ce ai Abu Huraira da yunwa ya yi karatu, har ya zamo ya fi kowane sahabi yawan ruwayar hadisi. Gaskiya ne ya sha yunwa, amma ku ji ƙarshen labarin kamar yadda Buhari ya kawo shi. Wata rana yunwa ta matsa masa, ya zauna bakin hanya. Abubakar ya wuce, ya tambaye shi wata aya, ba don komai ba sai don ya tafi da shi gida ya ciyar da shi. Bai gane ba. Umar ya wuce, haka nan. Da Manzon Allah ya zo, sai ya dubi fuskarsa ya yi murmushi, ya gane abin da ke damunsa ba tare da an faɗa masa ba. Ya tafi da shi gida, aka samu ƙoƙon nono, ya sa aka kira mutanen Suffa suka sha duka, Abu Huraira ya sha har ya rasa inda zai sa. Abin koyi ga malami a nan shi ne duban fuskar almajiri kafin duban allonsa. Kuma Abu Huraira namiji ne baligi da ya zaɓi zaman da kansa, ba a jefar da shi yana ƙarami ba.

Ba kuwa ina cewa a ɗura wa yaro abinci har ya kasa numfashi ba. Mai littafin Ta'alimul Muta'allimi ya yi gargaɗi cewa yawan ci yana jawo kasala, kuma ba sai mun je nesa ba, sahun baya na sallar asham ya ishe mu hujja.

Bayan yunwa akwai ciwon da ba ya kwantar da yaro amma yana cinye shi a tsaye. Masassarar damana da ke tafiya tana dawowa, tsutsar ciki, ƙarancin jini, kunnen da ke zubar da ruwa, idon da ba ya ganin abin da mushe ya rubuta daga bayan aji. Yaro bai san yadda zai ce idona ba ya gani ba, domin yana tsammani kowa haka yake gani. Yaron da ya saba ƙoƙari, in ya ja baya farat ɗaya, a kai shi gidan likita kafin a nemo bulala.

Sai tsoro, kuma nan ne maganar za ta yi wa wasu malamai ɗaci. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira shekara ta 808 bayan hijira, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa kan cewa tsanantawa tana cutar da masu koyo, musamman ƙanana. Bayaninsa shi ne, wanda aka rena da duka da tilas, kuzarinsa yana mutuwa, ya koma kasala, ya koyi ƙarya da wayo don ya tsira daga hannun da ke kansa. Ku auna wannan da abin da idonku ke gani. Yaro ya biya karatunsa daidai a bayan zaure, ya zo gaban malam ya hangi dorina, sai harshe ya sarƙe. Karatun yana nan, tsoro ne ya danne shi. In ya daɗe a haka, sai ya koyi ɗaga murya cikin taro yana bin bakin na kusa da shi, alhali bai riƙe komai ba. In kuwa mai i'ina ne, abin ya ninka, ga duka ga dariyar ƴan'uwa. Annabi Musa kansa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya buɗe ƙirjinsa ya warware masa ƙullin harshensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Buɗewar ƙirji ce ya fara roƙo.

Malaman mazhabarmu ba su bar hannun malami sake ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 256, ɗan mai Mudawwana, ya rubuta littafi kan ladubban masu karantar da yara. A ciki ya iyakance ladabtarwa kan karatu da bulala uku, ba a ƙari sai da izinin uba. Ya hana dukan fuska da kai. Ya hana duka don huce haushi. Ya hana malami tsare yaro daga abincinsa da abin shansa. Yau fiye da shekara dubu ke nan da rubuta wannan. Masu kafa hujja da hadisin dukan yaro a kan salla yana ɗan shekara goma, su lura an ce a umarce shi tun yana ɗan bakwai. Shekara uku ke nan na lallashi, salla biyar kowace rana, kafin a ambaci duka. Mu'awiya ɗan Hakam, wanda ya yi magana cikin salla don rashin sani, ya ba da shaida cewa bai taɓa ganin malami mai kyan koyarwa kamar Manzon Allah ba, domin bai tsawata masa ba, bai doke shi ba, bai zage shi ba, bayani kawai ya yi masa.

Akwai kuma tsoron da yaro ke tahowa da shi daga gida. Wanda ya kwana yana jin rigimar uwarsa da ubansa, wanda aka saki uwarsa makon jiya, maraya, da yaran ƙauyukan bakin iyaka da suka gudo cikin dare saboda ƴan bindiga. Irin wannan yaro za ka gan shi zaune shiru yana kallon allo, ba ya nan. Malam, kira shi gefe, ka tambaye shi lafiyar gida.

Zuciya kuma tana gajiya ko da ciki ya cika. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, ya ce yana gudun ya gundure su, kuma haka Manzon Allah yake zaɓar musu lokaci. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan an tashi makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa karatu kullum yana kashe zuciyarsa ya dusashe basirarsa. Hutun Alhamis da Juma'a da muka gada a makarantun allo yana da hikima.

Sa'an nan, jama'a, ilimi ba ta ƙofa ɗaya yake shiga kowa ba. Abu Huraira da bakinsa ya ce Abdullahi ɗan Amru yana rubutawa, shi kuwa ba ya rubutu, riƙewa yake. Sahabbai biyu gaban malami ɗaya, kowa da hanyarsa. Manzon Allah yakan maimaita magana sau uku don a fahimta, yakan zana layi a ƙasa, yakan buga misali, yakan jefa tambaya ya jira amsa. Magabatanmu sun gane wannan, shi ya sa karatun allo ya haɗa gaɓɓai: hannu ya rubuta da tawada, ido ya gani, baki ya biya, kunne ya ji. Har haruffa suka raɗa wa sunaye da siffarsu, an baki wofi, an likkafa, ha kuri, don yaro ya riƙe baƙi da abin da ya sani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a shekarar 1754, ya rubuta littattafai da Larabci, ya yi wa jama'a wa'azi da Hausa da Fillanci, ya kuma tsara ilimi cikin waƙa. Ƴarsa Nana Asma'u da waƙa ta isar da karatu ga matan ƙauyuka ta hannun ƴan taru. Saboda haka in yaro ya kasa ta wannan ƙofa, a gwada wata. Wani sai ya rubuta da hannunsa, wani sai an rera masa, wani sai cikin taro, wani sai shi kaɗai gindin bishiya. Wani yana saurin ɗauka da saurin mantuwa. Wani yana jan ƙafa, amma abin da ya riƙe ya riƙe har tsufa. A rage wa na biyun ƙari, layi biyu maimakon biyar. Amma kada uba ya ji wannan ya mai da shi mafakar lalaci, ya ce ɗansa ba mai hadda ba ne. Maimaici ba a ɗauke wa kowa shi.

Iyaye, ku ma ku dubi cikin malamin. Wanda aka hana kuɗin Laraba, ya fito gida ya bar iyali ba cefane, fushinsa a kan wa zai sauka?

Saura maganar azumin yara, tunda ana yawan aiko da tambaya a kanta. A mazhabar Imamu Malik azumi bai hau kan yaro ba sai ya balaga, haka yarinya, kuma Risala ta faɗi wannan a sarari. Horarwa kuwa tana da asali: Rubayyi'u ƴar Mu'awwiz ta ba da labari cewa sukan sa ƙananansu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan abinci a ba shi ya shagala. Da lallashi aka yi, ba da gori ba. To, yaron da zai taka zuwa lakwal cikin wannan zafi, ya zauna aji har rana ta raba, ga jarrabawa gabansa, kada a sa shi gasa da ƴaƴan maƙwabta a kan wa ya fi yawan azumi. Ya yi rabin yini, ko ya yi a ranakun da ba karatu. Wanda ya balaga kuwa, a tashe shi sahur ya sha hura da ruwa isasshe, a karɓe waya daga hannunsa da dare, a sa wa yawon tashe iyaka, ya samu barci. Malamai kuma su mai da ƙari da hadda zuwa bayan asuba, a bar tilawar abin da aka riga aka riƙe zuwa yamma.

Lokacinmu ya ƙure. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga hukuncin azumin mai ciki da mai shayarwa. Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu.