Ɗan Kano Mai Koya wa Kwamfuta Hausa



Zancena yau a kan Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad ne, masanin kwamfuta na Jami'ar Bayero, wanda ya ƙaro ilimi a Manchesta ta Ingila, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Porto ta Fotugal. Bincikensa shi ne yadda na'ura za ta fahimci harsunanmu. A 2022 shi da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti: saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane harshe, Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance yabo ne, suka ne, ko tsaka-tsaki. A 2023 aikin ya kai harsunan Afirka 14. Ban da bincike, yana cikin waɗanda suka kafa Arewa Data Science Academy, mai horar da matasa kyauta.

To, wannan tantancewa sai wanda ya iya Hausa da ƙa'idar rubutunta, ya san bambancin ƙafa da kafa. Mu kuwa a Burumburum, da zarar malamai sun yi ƙaranci, darasin Hausa ake fara yadawa. Ina roƙon reshe ya kai maganar nan gaban sakataren ilimi kafin zango mai zuwa.