Girafin Mai Sirki A Aikin Sansano Iskar Gas: Inda Gizo Ke Saƙa



Girafin shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, ƙwayoyin a jere kamar saƙar zuma. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓanɓaro shi daga girafayit a Jami'ar Manchesta a 2004, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2010. Da yake jikinsa duka fili ne, kowace ƙwayar gas ta sauka a kansa sai ta ba shi elektiron ko ta karɓe masa, nan take turjiyarsa ga wutar lantarki ta sauya. A 2007 masanan Manchesta suka nuna yana iya jin saukar ƙwaya guda ta NO2.

Sai ga wani bincike daga Jami'ar Pensilbeniya a 2009 ya rage zumuɗin: da aka wanke girafin tsaf, jinsa ya ragu ƙwarai. Ashe dattin roba da ya maƙale masa wajen haɗa na'urar shi ke yin rabin aikin. To, in datti na haɗari ya yi wannan amfani, me zai hana a sa shi da gangan? Sirki ke nan. A cire wasu ƙwayoyin kabon, mai elektiron 4 a bayansa, a maye gurbinsu da boron mai 3 ko naitirojin mai 5. Boron yakan bar gurbi mai yunwar elektiron, shi ya sa amoniya ke kama shi. A 2015 rukunin Mauricio Terrones na Jami'ar Jihar Pensilbeniya ya nuna girafin mai boron ya yi wa tsantsarsa fintinkau wajen jin amoniya da NO2. Kuma yana aiki ba tare da an gasa shi ba, saɓanin na'urorin SnO2 da ke kasuwa, masu neman zafin digiri 200 zuwa 400.

A ganina mun shagala da gasar wa ya fi jin ƙanƙanin gas, mun bar matsaloli biyu. Gas ɗin da ya kama da ƙarfi ba ya saki da wuri. Tun a gwajin 2007 sai da aka ɗuma na'urar zuwa digiri 150 kafin ta warware. Sannan raɓar iska ma tana sauya turjiya, na'urar kuwa ba ta faɗa maka ko guba ta ji ko damina ce ta shigo.

A wuraren da hayaƙin janareto ke kashe iyali cikin barci, na'urar da muke buƙata ita ce mai tantance kabon monoksaid daga tururi, ta kuma jure ƙurar hunturu. Ina roƙon masu gwaji su riƙa bayyana yawan raɓa da lokacin warwarewa a kowane sakamako.